Koyar da yara rubuta ƙagaggen labari

Koyar da yara rubuta ƙagaggen labari reshe ne na koyar da harshe da adabi, inda ake nuna wa yaro yadda zai ƙago mutane da abubuwan da ba su faru ba, ya jera su har su zama labari mai kai da gindi. Ya bambanta da insha'i, wanda galibi malami ne ke ba da batu kuma gaskiyar abu ake nema. Akan fara shi tun kafin yaro ya iya riƙe fensir sosai, domin baki yana riga hannu iya labari da shekaru. Yawancin dabarun fannin ƙoƙari ne na hana wahalar rubutu danne labarin da tuni yake bakin yaron.

Yadda labarin yaro ke girma

A 1978 masanin ilimi ɗan Amurka Arthur Applebee ya wallafa nazari kan labaran yara 'yan shekara 2 zuwa 5, ya kasa su matakai shida. A matakin farko yaro tara abubuwa kawai yake yi: ga mage, ga mota, ga ruwan sama, babu abin da ya haɗa su. Daga baya sai ya ɗaura su da "sai kuma… sai kuma…". A matakin ƙarshe ne wani abu ke haddasa wani, labarin kuma ya san inda ya dosa. Don haka yawan "sai kuma" a rubutun ƙaramin yaro ba laifi ba ne, hanya ce da kowa ke bi. Tambaya ɗaya ce ke tura shi gaba: "Me ya sa?"

Tun a 1930 Lev Vygotsky, masanin halayyar ɗan Adam daga Rasha, ya saɓa wa abin da aka saba faɗa, wai yaro ya fi babba ƙarfin ƙirƙira. A ganinsa ƙirƙira daga abin da mutum ya gani ya ji take samun kayan aiki, kuma na yaro bai taru ba tukuna. Da haka ake fahimtar abin da ya sa yaron da ake karanta wa littafi da yawa ba ya rasa ta cewa.

Abubuwan da ake fara koyarwa

Aristotil, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya daɗe da cewa labari cikakke yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma har yau da wannan ake buɗe darasi. Sai dai shi kaɗai ba ya wadatarwa, don yaro na iya rubuta yadda ya tashi, ya tafi, ya dawo, ba tare da komai ya faru ba. Abin da ke hura wa labari rai shi ne tauraro mai son wani abu, da abin da ya tare masa hanya. Idan yarinya ta rubuta cewa kunkuru yana da agogo, hoto ta zana. Idan aka tambaye ta abin da kunkurun ke so, ta ce so yake ya daina makara, amma agogon baya-baya yake tafiya, to labari ya tashi. Wuri da lokaci da hirar taurari duk a bayan wannan suke zuwa. Jigo kuwa gara a bar shi ya fito da kansa. Yaron da aka tilasta wa fara da darasi, wa'azi yake rubutawa.

Dabarun da suka shahara

Marubucin Italiya Gianni Rodari, wanda ya sami lambar yabo ta Hans Christian Andersen, ta adabin yara, a 1970, ya tattara dabarunsa a 1973 cikin *Grammatica della fantasia*, wato nahawun ƙirƙira. Fitacciya a cikinsu ita ce a ɗauko kalmomi biyu da ba su da dangin iya bare na baba, a ce wa yaro ya nemo abin da zai haɗa su. "Doki da sirdi" ba sa motsa kowa, sun riga sun saba. "Doki da madubi" kuwa dole kai ya yi aiki. Wata dabarar tasa ita ce tambayar "me zai faru idan…?", sai kuma ba da tatsuniyar da yara suka sani da gangancin kuskure, har su yi ca suna gyarawa, daga nan su gane cewa labari abu ne da ake iya juyawa. Ya kuma mayar da aikin Vladimir Propp, masanin tatsuniyoyi ɗan Rasha, katunan wasa. Propp ne ya nuna a 1928 cewa tatsuniyoyin al'ajabi na Rasha kan matakai 31 suke tafiya, kamar hani, da karya hanin, da barin gida, da dawowa.

Abin lura a dabarun nan shi ne duk iyaka suke gindayawa. "Rubuta duk abin da ka ga dama" kamar 'yanci ne, amma shi ya fi barin yaro yana tauna gindin fensir.

Ga waɗanda ba su iya rubutu ba, Vivian Paley, a lokacin da take malamar ajin ƙanana a birnin Shikago na Amurka, takan zauna yaro ya faɗi labarinsa tana rubutawa kalma da kalma, sannan 'yan ajin su fito su kwaikwaye shi. Mai labarin na ganin inda abokansa suka tsaya cirko-cirko, ya san a nan ne labarin ya yi giɓi.

Gyara

A nan ne aka fi samun saɓani. Masanin ilimi ɗan Amurka Donald Graves, a littafinsa na 1983, ya ba da shawarar a bar yaro ya zaɓi batunsa, ya yi rubutun farko, ya tattauna da malami, ya sake, sannan a fitar wa masu karatu. A wannan tsari ƙa'idojin rubutu a ƙarshe suke zuwa. Masu suka sun ce barin kuskure ya daɗe yana sa ya zauna daram, kuma suna da hujja. Shi ya sa malamai da dama ke raba aikin gida biyu: ranar farko a tambayi labarin, "ina aka bar agogon?", "yaya kunkurun ya ji?", wata ranar kuma a zaɓi kuskure ɗaya ko biyu, kamar babban baƙi da aya, a gyara su tare da yaron.