Hawan keke a hanyoyin burji na bayan Accra: abin da samarin Zango ke tambayata

Tun da na tsiri fita da keke ranar Lahadi ina dawowa da jar ƙura har a gira, samarin majalisarmu a Nima, unguwarmu ta Zango a Accra, suka sa ni gaba. Wasu da gaske suke tambaya, wasu tsokana ce kawai. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, da amsar da nake ba su in shayi ya zagayo.

Yaya, wai akwai hanyar da mota ba ta bi ko kaɗan?

Irin ta Turai dai babu. A Ingila da Jamus sukan ɗauki tsohon layin dogo ko gaɓar kogi su mayar da shi hanyar keke zalla. Mu abin da muke da shi hanyar gona ce, ta burji da tsakuwa, wadda za ka yi rabin awa ba ka haɗu da mota ba, amma ba za ka rasa ɗan okada, ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, cike da rogo, ko garken shanu ba. Ba don kai aka yi ta ba, ara maka aka yi. Abin tsoro ɗaya shi ne tifa. Wajen Shai Hills akwai wuraren fasa dutse, kuma direban tifa in ya ɗauko kaya ba ya ganin keke. Da ka hango ƙura ta tashi daga nesa, sauka gefe ka rufe hanci har ta lafa.

To daga ina mutum zai fara?

Ni Asutsuare nake tura kowa. Ka bi titin Tema zuwa Akosombo, ka karya ta mahaɗar Asutsuare, sai ka faɗa ƙasar Dangme, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. A can gonakin shinkafa na noman rani suke, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Kpong da aka gama a 1982 kusa da Akuse. Ruwan yana bin manyan magudanai, kuma kowane magudani yana da hanyar ƙasa a gefensa, don manoma da masu kula da ruwa. Waɗannan hanyoyin su ne abin nema. Babu hawa, babu gangara, ruwa a hagunka, shinkafa kore shar a damanka, balbela na bin bayan masu huɗa, ga dutsen Osudoku tsaye yana yi maka alama don kada ka ɓata.

Da sassafe za ka tarar da yara suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye, mata sun shanya shinkafa a kan tamfol har bakin hanya. Kada ka kuskura taya ta taka shanyar nan, ko da gefenta ne. Sauka ka tura. In ka miƙa ta wajen Akuse za ka riski kogin Volta kansa, faffaɗa, da masunta a kwalekwale. Wanda ƙarfinsa bai ƙare ba sai ya ƙarasa Kpong ko Atimpoku, inda gadar Adomi ta 1957 take, ya ci abolo, wainar masara da ake turarawa, da ƙananan kifin nan da ake kira wan man tauzan. Sai dai wannan ƙarashen kwalta ne, da motoci.

Aburi fa? Ai ta fi kusa.

Ta fi kusa, ta kuma fi sanyi, amma ba ta ɗan koyo ba ce. Hawan daga Ayi Mensah zuwa Peduase kaɗai ya isa ya sa mutum ya tuna zunubansa. In ka kai sama, hanyoyin da ke sauka ƙauyukan Akuapem suna ratsa gonakin koko da ayaba da ƙananan rafuka, ga inuwa. Lambun Aburi tun 1890 yake, gonar kokon Tetteh Quarshie, mutumin da ake cewa shi ya kawo noman koko Ghana, ta 1879 kuma tana Mampong, gaba kaɗan. Amma duk gangaren da ka ji daɗinsa, bashi ne, za ka biya da hawa. Gyara birki kafin ka je.

Sai na sayi keke mai tsada?

A'a. Na hannu mai giya ya isa, in dai tayarsa na da faɗi, kamar milimita 40 zuwa sama. Siririyar tayar tsere ba ta jure gargada, yashi kuma yana haɗiye ta. Ka tafi da famfo, kayan faci da tib na ko-ta-kwana, don ƙaya ta fi mai faci yawa a can. Hular kwano dole ce.

Wane lokaci ya fi?

Agusta, in damina ta ɗan tsagaita, da kuma ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba. Manyan ruwa na sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ƙananan kuma Satumba zuwa Nuwamba. In hunturu ya kankama hanya takan bushe sarai, sai dai ƙura da tsagewar leɓe.

Na taɓa yin taurin kai na shiga gonakin nan washegarin ruwa, a watan Yuni. Ƙasar wajen Akuse baƙar laka ce mai danƙo. Ban yi taku ɗari ba ta cika tsakanin taya da birki, keken ya ƙi gaba ya ƙi baya, takalmina kowanne ya yi nauyin bulo. Wani dattijo Bafulatani da ke kiwo ya tsaya yana kallona, ya ce, "Sannu ɗan nan, yau kai za ka goya dokin naka." Ya karyo mini itace na yi ta ƙwaƙule lakar, sannan na saɓa keken a kafaɗa har bakin burji.

A kula kuma da labarin madatsa. A 2023, da aka saki ruwan madatsar Akosombo, garuruwan da ke ƙasa da ita a bakin Volta, irin su Mepe, sun nutse. In ka ji sanarwar sakin ruwa, bar bakin kogi.

In zafi ya yi, zan iya faɗawa ruwa?

Kada ka fara. Ruwan Volta da magudanan shinkafa suna da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Bayan wasu makonni ne mutum zai ga jini a fitsari. Yaran wurin suna wanka, na sani. Su ma suna fama da ita. Ka ɗauki ruwan leda da zai ishe ka sha da alwala.

Mutanen ƙauye ba sa ɗaukar mutum ɗan leƙen asiri?

In ka wuce su fuu da baƙin tabarau ba sallama, me zai hana? Rage gudu, ɗaga hannu, gai da babba kafin ka tambayi hanya. Yaren Twi kaɗan yana aiki kusan ko'ina, Hausa ma takan fitar da kai a wurin mahauta da makiyaya. Kada ka ɗauki hoton wurin tsafi ko maƙabarta, kada ka tsinki mangwaron da ba naka ba. Wasu ƙauyuka suna da ranar da ba a shiga gona ko rafi. In an ce maka yau ba a wucewa, juya kawai, ba wurin gardama ba ne. Masallaci kuwa za ka samu a zangon Akuse ko Kpong.

Yaya za a kai keken can? Ba dai tun daga Nima za a tuƙa ba?

Titin Tema da keke ganganci ne. Je tashar Ashaiman ko Madina, cire tayar gaba, ka daidaita da ɗan kamasho tun kafin a ɗaure keken a bayan trotro, wato ƙaramar bas ta haya, don kuɗin kaya daban yake da na kujera. Sa tsumma tsakanin giyar da ƙarfen mota. Fita bayan Asuba, ka hau keke kafin bakwai, ka sauka kafin azahar. Rana a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, motocin komowa kuma suna ƙaranci da la'asar, don haka ku tafi ku biyu ko uku, kuma wani a gida ya san ta wace hanya kuka bi.