Me Ya Sa Kano Ta Dakatar da Rigakafin Shan-inna a 2003?

Tambaya: Mene ne ainihin abin da ya faru?

Amsa: A shekarar 2003 gwamnatin Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna, bayan da Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, wadda Dakta Datti Ahmed ke shugabanta a lokacin, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Zamfara da Kaduna ma sun dakatar na wani ɗan lokaci, amma Kano ce ta fi daɗewa.

Tambaya: Me ya sa jama'a suka yarda da zargin cikin sauƙi?

Amsa: Domin akwai tsohon rauni da bai warke ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu, wasu kuma suka nakasa, iyaye suka ce ba a nemi amincewarsu yadda ya kamata ba. Mutumin da ya ga haka, kuma yake ganin asibitin garinsu babu maganin zazzaɓi amma ana bin sa har gida da ɗigo kyauta, ba za a ce tambayarsa wauta ba ce. Sai dai maganar gwamna tana da nauyi fiye da raɗe-raɗin kasuwa, don haka da shugaba ya nuna shakka, dubban magidanta suka rufe ƙofofinsu.

Tambaya: Wane sakamako ya biyo baya?

Amsa: Cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yemen da Indonesiya, yara da yawa kuma suka shanye har abada.

Tambaya: Ta yaya aka dawo da amincewar jama'a?

Amsa: Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 da maganin da aka samo daga Indonesiya, ƙasa mai rinjayen Musulmi. Daga baya Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da sauran sarakuna, da hakimai da masu unguwanni da malamai, suka shiga aikin wayar da kai gida-gida. An samu mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.