Buga ƙaramin kumbon wasan bidiyo da firintar rezin: amsa ga masu yawan tambaya

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga bakuna daban-daban. Na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake turo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wace firinta zan saya?

Wadda kuɗinka ya kai. Ƙaramar Elegoo Mars ko Anycubic Photon ta ishe ka. Duk aikinsu ɗaya ne: allo yana haska ruwan rezin, wato ruwan roba mai daskarewa in haske ya taɓa shi, daga ƙasa da haske mai tsawon zango nanomita 405, rezin ya daskare hawa-hawa, farantin da abin ke mannewa a jikinsa ya riƙa ɗagawa. Mars 3 tana buga abin da bai wuce milimita 143 da 89 da 175 ba, kuma yawancin kumbunan da za ka ɗora a kan tebur ba su kai haka ba.

Firintar zaren roba ba za ta yi ba?

Za ta yi babban kumbo. A ƙarami, layukanta za su cinye adon jikin.

Dole ne sai na sa safar hannu?

Dole ne. Ina mamakin yadda har yanzu ake wannan tambayar. Ɗanyen rezin yana sa fata ta riƙa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma mugun abin shi ne ba ranar farko yake nuna kansa ba. Sai ka yi watanni kana taɓawa kana cewa ai ni ba ya yi mini komai, rana ɗaya jiki ya ƙi shi, daga nan kuma da wuya ya sake karɓa. Sa safar nitrile, domin rezin yana ratsa ta latex da sauri. Sa tabarau lokacin cire sandunan tokara, wato siraran sandunan da ake bugawa tare da jirgin don su riƙe shi. Kada ka ajiye injin a ɗakin da kake kwana, balle inda yara ke shiga. Taga a buɗe, amma rana kada ta faɗa kan kwanon rezin, don za ta daskarar da shi.

Wane girma zan buga?

Zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa, in kana son jiragen su yi kyau a jere. A wasan Elite Dangerous, Anaconda tana da tsawon kusan mita 150, Cobra Mk III kuma faɗinta kusan mita 44. A ma'aunin 1 bisa 1000, Anaconda za ta fito santimita 15, Cobra santimita 4 da ɗan wani abu. Pillar of Autumn na Halo ya haura kilomita 1, don haka a wannan ma'aunin ya wuce mita guda. Shi sai ka ba shi nasa ma'aunin daban.

Na samo fayil ɗin kumbon daga cikin wasan kansa, amma ya fito da ramuka, ko ya fito sumul babu ado. Injin ne ya lalace?

Injinka lafiyarsa ƙalau, kwantar da hankalinka. A nan ne kowa yake tuntuɓe, kuma amsar ba ɗaya ba ce.

Wanda ya zana kumbon don wasa ya zana shi ne don ido, bai taɓa tunanin hannu zai riƙe shi ba. Jikin kumbon ɓawo ne kawai marar kauri. Fiffike da injin da bindiga sau da yawa ba a haɗe suke da gangar jikin ba, an cusa su ne cikin juna saboda ɗan wasa ba zai ga mahaɗar ba. Wurin da kyamara ba ta leƙawa ma akan bar shi a buɗe. Ita kuwa manhajar da ke yanka fayil hawa-hawa, Chitubox ko Lychee, tana buƙatar ta san ina ne ciki, ina ne waje. In ba ta gane ba, sai ta cike inda bai kamata ba, ta bar rami inda ya kamata a cike.

Batun ado kuma daban ne. Layukan ƙarfe da kawunan ƙusoshi da ƙananan ƙofofin da kake gani a wasan, akasarinsu hoto ne aka lulluɓa wa jikin, hoton da ke yaudarar haske ya nuna tudu da kwari. Kamar lalle ne a hannun amarya: ido yana ganin zane, yatsa ya shafa bai ji komai ba. Firinta ba ta buga hoton, siffar kawai take bugawa.

To me za ka yi? Ya danganta da jirgin da kuma haƙurinka. Hanya mafi sauƙi, kuma ita nake ba sabon shiga shawara, ita ce ka duba shafukan fayilolin bugawa irin su Thingiverse ko Printables ko Cults3D ko wani ya riga ya sake gina jirgin don bugawa. Amma kada hoton kwamfuta ya ruɗe ka. Nemi wanda aka ɗora hoton abin da aka buga da gaske, a hannun mutum.

In babu, sai gyara da kanka a Blender, manhajar gina siffofin 3D, wadda kyauta ce. A cikinta, 3D Print Toolbox zai nuna maka gefunan da ke buɗe. Solidify yana ba ɓawo kauri. Sassan da aka cusa cikin juna kana iya haɗe su da Boolean, wanda wani lokaci yake aiki lafiya, wani lokaci ya dagula komai in siffar ta cika tarkace. In ya ƙi, akwai Remesh, mai narkar da jirgin duka ya sake zuba shi guda ɗaya. Wannan yana toshe ramuka sosai, sai dai yana dakusar da kaifin kusurwa. A jirgi mai lanƙwasa kamar Normandy ta Mass Effect asarar kaɗan ce. A jiragen Elite, waɗanda kyawunsu yana cikin kaifin gefensu tun wasan farko na 1984, asarar babba ce, sai in ka ƙara yawan ɗigon da Remesh ke sake gina siffar da shi sosai, shi ma kwamfutarka tana iya sarewa.

Adon kuwa, wasu suna gwada Displace don su mai da hoton tudu na gaske. Wani lokaci a dace, amma hoton yaudarar haske ba taswirar tsawo ba ne, don haka sau da yawa abin da ke fitowa gurji-gurji ne. Ni na fi son a zana manyan layukan da hannu, a bar ƙananan. Ka kuma zurfafa su fiye da yadda suke a wasan, kamar milimita 0.2 zuwa 0.3, in ba haka ba shafen fenti na farko zai cike su. Eriya da bakin bindiga da suka gaza rabin milimita, goge su daga fayil ɗin, ka huda gurbinsu, ka sa siririyar waya bayan an buga. In ka nace sai ka buga su, za su karye a wurin wanki.

Kuma don Allah fara da Cobra ko Sidewinder na Elite. Kada ka fara da Rifter ta EVE Online mai siraran sassa sannan ka zo kana cewa sana'ar ba ta yi ba.

Ba abin da ya manne a faranti, duk ya tsaya a ledar ƙasan kwano.

Daidaita farantin. In ka yi, ƙara lokacin hasken hawan farko zuwa daƙiƙa 30 ko 40. In da sanyin hunturu ne, rezin ya yi kauri. Ya fi son ɗumi tsakanin digiri 20 da 30, don haka bari rana ta ɗaga. Tace rezin ɗin kafin ka sake bugawa, ɓarɓashi ɗaya yana iya huda ledar ya fasa allon.

A kwance zan ajiye shi?

A'a. Karkata shi digiri 30 zuwa 45, hanci sama, sandunan tokara a cikinsa inda ba a kallo. Faffaɗan jiki a kwance yana manne wa ledar da ƙarfi, ya tsinke sandunan ko ya lanƙwashe.

In raraƙe cikinsa don rage rezin?

Ƙarami, bar shi cike. Babba kamar Anaconda, raraƙe, ka bar bango milimita 2, ka huda ramuka aƙalla biyu, ɗaya kusa da faranti. Wanke cikin da sifirit na IPA (isopropyl alcohol) har sai ya fito tas. Ɗanyen rezin da ya maƙale a ciki yana tsaga jirgin bayan makonni, bayan ka gama wahalar fenti, ya zubo a kan tebur.

Na sayi rezin da ake wankewa da ruwa. In zuba ruwan wankin a kwata?

Kada ka kuskura. Ruwan nan guba ne ga kifi da duk abin da ke rayuwa a ruwa, kuma kwatar gidanka ba a gidanka ta ƙare ba. Zuba shi a roba mai haske, ka shanya a rana har rezin ya daskare ruwan ya ƙafe, sannan ka zubar da busasshen. Haka za ka yi wa safar hannu da tsumma.

In aka ɗauke wuta fa?

Yawanci aikin ya tashi a banza. Tsawon santimita 15 a hawan milimita 0.05 hawa 3,000 ke nan, aikin sa'o'i da yawa. Ɗora injin a kan inbata, ba ya cin wuta sosai. Kuma tunda lokacin ya dogara ne da tsawo, ba da yawan kaya ba, cika farantin da jirage a bugu ɗaya.

Zan iya sayarwa?

Zanen jiragen mallakar kamfanonin da suka yi wasannin ne, irin su Frontier mai Elite Dangerous da CCP da ya yi EVE Online. Buga naka na ajiyewa. In kasuwa kake so, zana naka jirgin.

Fenti ba ya kamawa.

Ba ka wanke shi da kyau ba, ko ba ka bari ya bushe ba kafin ka gasa shi a haske, wato ka sake haska shi don ya ƙarasa daskarewa. Wanke, busar, gasa 'yan mintuna, goge tabon sanduna da samfefa mai laushi a jiƙe don kada ka shaƙi ƙurar. Sannan shafen farko mai ruwan toka, siriri, kafin kowane launi.