Waiwaye: sansanin jiragen soja na Yamai, daga Eskadiri zuwa yau

Shekaranjiya muna zaune a fada bayan la'asar, shayi na kan wuta, sai ga ƙugin jirgin nan mai farfela huɗu ya ratsa ta saman Birni ya yi gabas. Wani yaro ya ce ai na Turawa ne, aka yi masa caa, wane Bature kuma, ba sun tafi ba? Jirgin namu ne, C-130 Hercules, kuma gidansa na Yamai, sansani mai lamba 101 da ke manne da filin jirgin Diori Hamani. Musun nan ne ya sa na ce bari in ɗan koma baya.

Mutanen Yamai har gobe Eskadiri suke ce ma wurin, sunan kuma ya samo asali ne tun 1961, shekara guda bayan samun 'yanci, lokacin da aka kafa ƙaramar rundunar jirage ta ƙasa da wannan suna na Faransanci. Abin da yawanci ba a lura da shi ba shi ne, tun farkonta rundunar dako ce. Jiragen farko irin su Dakota, daga baya Noratlas, duk na ɗaukar soji da kaya ne, kuma dalili a fili yake, ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, daga Yamai zuwa nan Damagaram kaɗai wajen kilomita 900 ne, wanda ya taɓa shiga kar da asuba ya iso cikin dare ƙafafu a kumbure ya san abin da nake faɗi, to ina ga Diffa, ina ga Dirku da Madama can cikin rairayi inda babu kwalta sam. Sai a 2003 aka maida ita cikakkiyar rundunar sojan sama.

A 1979, zamanin Seyni Kountché da kuɗin uraniyom, aka sayo Hercules guda biyu. Jirgin nan fa jakin sama ne. Yana ɗaukar kaya wajen tan 19, ko soji 92, in masu dirowa da lema ne 64, kuma ba ya neman gata, fili na tsakuwa ma yana sauka. Wani maƙwabcinmu tsohon soja da ya sha shigarsa ya ce bayan jirgin ne ke buɗewa kamar baki, a turo buhunan shinkafa da durom na mai da akwatunan harsashi a ɗaure su da raga a tsakiya, ku kuma ku jeru a gefe kan kujerun igiya, gwiwa na gugar gwiwa, ƙara kuwa ko na kusa da kai ba ka jin maganarsa sai da hannu. Ya ce amma wanda ya yi wata shida a Kawar yana jiran canji, babu kiɗan da ya fi masa wannan ƙara daɗi. Ɗaya daga cikin biyun ya faɗi kusa da Yamai a watan Afrilun 1997, mutum 14 suka rasu, Allah ya jiƙansu, aka daɗe ana lallaɓa ɗaya tal.

Baƙi sun cika wurin ne daga 2013, da Faransa ta shiga yaƙin Mali. Amurka ta kawo jirage marasa matuƙi a shekarar, Faransa ta mai da shi ɗaya daga manyan tashoshin Barkhane, rundunarta ta yaƙi da 'yan ta'adda a Sahel, daga 2014, Jamusawa ma suka buɗe nasu wurin sauke kaya domin sojojinsu da ke Gao. Daga baya Amurka ta gina wani a Agadas, mai lamba 201, da ya ci sama da dala miliyan 100, ya fara aiki a 2019. A tsakanin nan ne kuma ta ba Nijar Hercules uku, na farko a Janairun 2021, na ƙarshe a Disamban 2022. Kar in manta da Ouma Laouali, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan a 2015, wadda ta fara da ƙaramin Cessna kafin ta hau wannan babba, yaran fadarmu da yawa ba su ma taɓa jin sunanta ba.

Sauran kowa ya gani da idonsa. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kawo Janar Tiani kan mulki, sai dubban mutane suka yi ta kwana a shataletalen Eskadiri suna cewa Faransa ta fita. Kayan da jirgi bai kwashe ba a mota aka ɗora su zuwa Cadi, ta wannan babbar hanya da ta ratsa garinmu, sojan Faransa na ƙarshe ya bar Yamai ranar 22 ga Disamba. Maris 2024 aka soke yarjejeniya da Amurka, Afrilu 'yan Rasha suka sauka, Amurka ta fice daga 101 a Yuli, daga Agadas a Agusta, Jamus ta bi sahu ƙarshen watan.

Ni abin da ke damuna, kuma ba a cika tattauna shi a fada ba, shi ne gyara. Hercules ƙirar Lockheed ne na Amurka, kowane awa nawa ya yi a sama akwai dubawar da dole a yi masa, farfela da taya da injin duk suna da wa'adinsu, ba kamyo ba ne da makanisiye zai je tasha ya haɗo masa piyas na wata mota ya ce Allah ya kiyaye hanya. Samarin da aka horar suna nan, sun iya aikinsu, amma kayan gyaran daga waje suke zuwa, daga wajen waɗanda muka sallama. Sojan da ke Madama ko bakin tafkin Cadi kuwa abincinsa da maganinsa da ɗauko shi in ya ji rauni, rabi duk a kan jirgin nan suke. Da na faɗi haka ran nan sai tsohon sojan ya ajiye kofinsa ya ce shi ma duk sanda ya ji ƙugin ya wuce, injinan yake saurare ya ji ko huɗun duka suna aiki.