Waiwaye: Ƙanƙarar da ke ɓoye ƙarƙashin duwatsun Alps

Tun da duwatsu da ƙanƙara suka rufta wa ƙauyen Blatten na Suwizalan ranar 28 ga Mayun 2025 ake ta ja-in-ja: ɗumamar yanayi ce, ko kuwa halin tsauni ne da dama ya saba zubewa? Allah ya sa an kwashe mazauna ƙauyen, kimanin 300, kwana tara kafin nan. Amma maganar ƙanƙarar da ke riƙe da tsaunukan nan ta daɗe.

A 1910 masanin duwatsu Stephen Capps ya bayyana wasu tarin duwatsu a Alaska masu malalowa a hankali kamar kunu mai kauri. A 1959 masana Wahrhaftig da Cox suka ce ƙanƙarar da ke tsakanin duwatsun ce ke tafiya da su. Aka yi ta gardama, kusan kowa daga sama yake leƙe.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1987. A shekarar masana daga jami'ar ETH ta Zurich suka haƙa burtsatse mai zurfin kusan mita 60 a tarin duwatsun Murtèl, gindin tsaunin Corvatsch na Suwizalan, a tsayin mita 2,670 sama da teku. Mita uku na sama manyan duwatsu ne, suna sakewa da bazara, su daskare da hunturu. Daga nan sai ƙanƙara kusan tsantsa har wajen mita 28. A ƙarƙashinta aka tarar da wani siririn shimfiɗi na daskararren yashi da tsakuwa, kuma a nan ne mafi yawan motsin yake. Wato tarin gaba ɗaya zamewa yake a kan wannan shimfiɗi.

Suka zura waya mai na'urorin auna zafi, suka bar ta. A zurfin mita 10 ta nuna kusan digiri 2 ƙasa da sifili, matakin da ƙanƙara ke narkewa. Wannan ɗan tazara shi ne komai. Ƙanƙara ba sai ta narke take yin ɓarna ba: tana matsowa kusa da sifili sai ta yi laushi, ruwa ya sami hanyar shiga, tarin ya ƙara gudu. Wayar ta kuma nuna rawar dusar ƙanƙara. In ta sauka da wuri kuma da kauri, sai ta zama bargo, ta kulle zafin bazara a ƙasa. In ta makara, sanyi ya ratsa ciki. Shi ya sa awon shekara guda yake yaudara.

Hankalin jama'a dai ya tsaya kan farar ƙanƙarar da ake gani a hoto tana janyewa, ta ƙarƙashin duwatsu kuwa ba ta da mai ɗaukarta hoto. Sai a 2000 aka kafa shirin PERMOS don sa ido kan daskararriyar ƙasa a faɗin Suwizalan. Bayan zafin 2003 tarin duwatsu da yawa suka ƙara gudu, a shekarar kuma garin Pontresina ya kammala katangar tare malalar tsaunin Schafberg.

Abin da ya faɗo wa Blatten ba irin tarin Murtèl ba ne. Duwatsun da suka zubo daga tsaunin Kleines Nesthorn ne suka danne ƙanƙarar Birch da ke saman ƙauyen har ta ɓalle. Sai dai shi ma wannan tsauni yana cikin yankin da ƙasa ke daskare shekara da shekaru, kuma ƙanƙarar da ke cikin tsagoginsa doka ɗaya take bi da wadda aka fara aunawa a 1987.