Waiwaye: Yadda kwalejojin ilimi suka koyi rayuwa da kuɗin ɗalibai

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bikin yaye ɗalibai a wata kwalejin ilimi, a Jigawa ko a ƙauyukan Kano, ya san tsarin jawabin shugaban kwaleji. Da nasarori ake farawa: sabon ɗakin lacca, ɗakin kwamfuta, malamai kaza sun dawo da digirin digirgir. Sai murya ta yi ƙasa a zo kan kuɗin gudanarwa da ba sa isa. A rufe da buri, wanda a 'yan shekarun nan kusan ɗaya ne ko'ina: a fara ba da digiri. A majalisu da Facebook kuwa muhawarar kuɗin rajista ce, kuma mafi yawan masu magana daga Mayun 2023 suke fara lissafi, lokacin da aka cire tallafin mai. Ba su yi ƙarya ba, tsadar gas da sufuri ta girgiza kowace makaranta. Sai dai katangar ta daɗe da tsagewa kafin wannan ruwan ya sauka.

Farkon labarin sananne ne. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya buƙaci malamai da gaggawa, aka buɗe makarantun horon malamai birjik. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya zaftare darajar abin da ake ba makarantu. A 1991 aka yanki Jigawa daga Kano, sabuwar jiha ta tashi da kwalejin ilimi ta Gumel da ɗawainiya iri-iri. A 1993 aka sa wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, dokar 2011 kuma ta keɓe kuɗin ga manyan makarantu, rabi na jami'o'i, sauran rabin a raba daidai tsakanin kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan asusu na harajin ilimi ya ceci makarantu da yawa, shi ya kawo gine-gine da kayan aiki da tura malamai ƙaro karatu. Albashi kuwa daga gwamnati yake zuwa. Abin da ya rage a tsakiya shi ne cefanen kullum: man janareto, gyaran famfon burtsatse, takardar jarrabawa, kuɗin motar malaman da ke zagaya ƙauyuka duba ɗalibai masu koyon koyarwa.

Wa ya riƙa biyan wannan cefane shekara da shekaru? A ganina amsar tana wurin da ba a cika waiwaya ba, wato lokacin da aka rufe babin takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda kowa ya sani da Gired Tu. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an yi hasashen wata rana NCE, wato takardar malanta da kwalejin ilimi ke bayarwa, ita ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, bugun 2004 kuma ya faɗi haka ƙarara. Manufa ce mai kyau, ba ni da ja da ita. Amma a duba abin da take nufi a ƙauye. Malamin da ya shekara goma sha biyar yana riƙe da aji, wani ma har ya zama hedimasta, sai ga shi takardarsa ba ta kai ba. Ga iyali, ga gona, ba zai ajiye aiki ya koma makaranta shekara uku ba. Mafita ita ce karatun dogon hutu da na ƙarshen mako, ko kuma karatu daga nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna.

Na ga wannan da idona. Kawuna yana cikinsu. Dogon hutu kuwa da damina yake faɗowa, daidai lokacin noma, don haka sai ya bar mana gonar gero ya ɗaure tabarma da buhun gari ya tafi. Idan kuɗin rajista sun matso, tunkiya ce ke shiga motar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Irinsu suna da yawa, ɗakunan kwana sukan cika har a kwana a azuzuwa. Ga kwaleji kuwa babu ɗalibin da ya kai wannan daɗi. Yana da albashi, kuɗinsa sun fi na ɗalibin cikakken lokaci, yana zuwa lokacin da azuzuwa suke a kulle babu kowa, kuma ba ya rigima don shi takarda ce ta kawo shi. Malaman kwaleji su samu ɗan alawus, abin da ya saura ya sayi gas ya gyara rufin da iska ta yaye.

A hankali wannan kuɗi ya zama ginshiƙi ba tare da wani ya zauna ya tsara hakan ba. Ganin wutar lantarki na kamawa kuma ruwa na zuwa, kowa ya ɗauka kwaleji na iya riƙe kanta. Abin da aka manta shi ne masu Gired Tu adadi ne mai iyaka. An daina yaye sababbi, tsofaffin kuma wasu sun gama NCE, wasu sun yi ritaya. Tafki ne da aka yi ta ɗiba alhali babu ƙoramar da ke zuba masa ruwa.

Da ya fara ja baya, sai aka juya ga matasa masu gama sakandare, su kuma a daidai lokacin ƙofofi suka buɗe musu. Jami'ar Wudil ta fara a 2001, ta tarayya a Dutse a 2011, wata ta jiha a cikin Kano a 2012, ta Kafin Hausa a 2013. Yaron da ya ci makin shiga jami'a da wuya ya zaɓi shekara uku a NCE sannan ya sake wasu shekaru kafin digiri, balle yana ganin yayyensa da NCE a hannu suna jiran ɗaukar aiki. Waɗanda suka rage wa kwaleji galibi 'ya'yan manoma ne, waɗanda rajistarsu ke jiran a sayar da riɗi ko zoɓo. Su ne mafi ƙarancin hali, kuma a kansu cefanen ya koma. Ga shi kowane sabon gini da aka karanta cikin jerin nasarori ya zo da nasa fankoki da fitilu da mai shara.

Shi ya sa burin digiri bai ba ni mamaki ba. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya, irin ta Bichi, damar haɗa NCE da digiri, na jihohi ma idonsu na can. Lamunin ɗalibai da aka fara a 2024 zai rage wa wasu iyaye nauyi. Amma digiri na zuwa da nasa sharuɗɗa: ƙarin malamai masu manyan takardu, littattafai, ɗakunan gwaji, da kuɗin karɓar masu tantance kwasa-kwasai. Kuma cikin waɗanda ake sa ran su fara cika azuzuwan akwai malaman firamare masu NCE da ke son ƙarin girma, a karatun hutu da na ƙarshen mako. Ɗan kawuna, wanda ya gaji allon babansa a makarantar garinmu, tuni ya fara tambayar nawa ne kuɗin fom.