Cacar Intanet

Cacar intanet ita ce zuba kuɗi a kan wani abu da ba a san yadda zai kaya ba, kamar sakamakon wasan ƙwallon ƙafa ko karta ko fitowar wasu lambobi, ta wayar hannu ko kwamfuta, ba tare da mutum ya taka zuwa shago ba. Ita caca tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa, domin an yi ta da kuɗin wuri tun kafin karta ta shigo, sai dai a da ba ta yiwuwa sai da matattara da abokan zama da tsabar kuɗi a hannu, kuma waɗannan su ne suke tona asirin ɗan caca a unguwa. Sabuwar fasaha ta kawar da su kusan gaba ɗaya.

Asali

A shekarar 1994 ƙasar Antigua da Barbuda da ke yankin Karibiyan ta yi dokar da ta buɗe ƙofar ba kamfanonin cacar intanet lasisi, kuma a 1996 kamfanin Intertops ya karɓi cacar wasanni ta intanet, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko. A Najeriya an daɗe da sanin takardun cacar ƙwallon Ingila da ake cikewa mako-mako, da kuma cacar lambobi ta Premier Lotto da aka fi sani da Baba Ijebu, wadda Kessington Adebutu ya kafa a 2001. NairaBet ya fara aiki a 2009, Bet9ja ya biyo baya a 2013, sannan irin su SportyBet da BetKing suka shigo kasuwar. Da fari shaguna ne suka ɗauki nauyin harkar: mutum ya zaɓi wasanninsa, ya biya, a buga masa tikiti a takarda.

Waya da hanyoyin biyan kuɗi

Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, amma abin da ya sauya lamarin shi ne saukowar farashin manyan wayoyi irin su Tecno da Itel da Infinix, waɗanda ake samun sababbinsu da na hannu a kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. Kamfanonin caca sun ƙera manhajoji marasa nauyi da ba sa cin data sosai, wasu kuma sun tanadi hanyar yin caca ta lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, ko da babu intanet.

Waya ita kaɗai ba za ta wadatar ba in da tura kuɗi yana da wuya. A 2011 aka ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan ƙasar, daga baya kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka sa buɗe asusu ya zama aikin 'yan mintuna, masu POS kuma suka bazu a kowane lungu, ta yadda wanda ba ya mu'amala da banki ma zai iya miƙa tsabar kuɗi a tura masa. Ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya, har da waɗanda a da ba su yarda da ita ba. Ba don caca aka shimfiɗa wannan hanya ba, amma ita ma ta bi ta kai. Kasancewar ana iya farawa da naira ɗari ko ƙasa da haka ya sa ɗalibi da ɗan adaidaita sahu da yaron shago duk suna iya shiga.

Saurin wasa da ribar kamfani

A da, mai cike takardar caca yakan jira ƙarshen mako kafin ya san ko ya ci ko an cinye shi. Yanzu ana zuba kuɗi ana tsaka da wasa, a kan wanda zai ci ƙwallo ta gaba ko yawan bugun kusurwa ko katin gargaɗi, kuma kwamfuta tana sauya adadin ninkin kuɗin daƙiƙa bayan daƙiƙa. A gidan kallon ƙwallo mutum yana iya zama cikin jama'a, idonsa a kan allo, yatsansa a kan waya, na kusa da shi bai san me yake yi ba. Akwai kuma wasannin da babu 'yan wasa na gaske a cikinsu, kwamfuta ce take ƙirƙirar su tana yanke sakamako cikin 'yan mintuna dare da rana, da wasan jirgi na Aviator wanda kamfanin Spribe ya fitar a 2019, inda kuɗi yake ta ninkuwa har jirgin ya ɓace, kuma wanda bai cire nasa kafin nan ba ya rasa duka.

Ribar kamfani tana cikin lissafin tun daga tushe. Idan ƙungiyoyi biyu suna da damar cin wasa daidai wa daida, adalcin lissafi shi ne a ninka kuɗin wanda ya ci sau 2, amma kamfani yakan sa kamar 1.90. Mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowannensu a ɓangarori biyun, kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe kashi 5 cikin ɗari ko wane ne ya ci. Tikitin da ake jera wasanni da yawa a kansa, wanda matasa suka fi so saboda alƙawarin mayar da ɗari biyu ta koma dubbai, shi ne ya fi yi wa kamfani daɗi, domin rarar da kamfanin yake riƙewa tana hauhawa da kowane wasa da aka ƙara. A bisa wannan misali, tikitin wasa goma yana bar wa kamfani kusan kashi 40 cikin ɗari. Kyautar kuɗin fara wasa da saƙonnin tunatarwa da masu sayar da hasashe a Telegram da WhatsApp duk suna aiki ne don mai caca ya dawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su, kuma ɗaya daga cikin alamominta ita ce ƙara zuba kuɗi don a fanshe wanda aka rasa, abin da Hausawa suke kira garin neman gira a rasa ido. Manhajojin ba da rance nan take, waɗanda suke zaune a waya ɗaya da manhajar caca, sun sa faɗawa bashi ya zo da sauƙi.

Addini da doka

Musulunci ya haramta caca da nassin aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida, jihar Kano kuma tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000. Hukumar Hisba, wadda aka yi dokar kafa ta a 2003, ta rufe shagunan caca da dama a birnin a 2024, ciki har da waɗanda suka fake da sunan gidajen wasan bidiyo. A watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi sai a Abuja, kuma tsara harkar haƙƙin jihohi ne, wanda hakan ya ƙarfafa hannun jihohin da suka hana ta. Sai dai duk wannan iko a kan shago yake aiki, domin shi ne yake da ƙofar da za a garƙame. Kamfanin da ya karɓi lasisi a Legas ko a wata ƙasa ba ya buƙatar ko teburi a Fagge ko Ƙofar Mata kafin ya karɓi kuɗin mazauna wurin, kuma sharaɗin cika shekara 18 yana da rauni matuƙar yaro zai iya amfani da bayanan yayansa.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka karkata ga toshe hanyar kuɗi da ta talla. Birtaniya ta hana yin caca da katin bashi na banki a watan Afrilun 2020, ƙungiyoyin gasar Firimiya kuma sun amince a 2023 su daina sa sunan kamfanonin caca a gaban rigunansu daga kakar 2026/27. Yarjejeniyar ba ta shafi hannun riga da allunan gefen fili ba, waɗanda su ma masu kallo a Kano suke gani duk ƙarshen mako.